Masaukin Mode

Rijiya Sa'adu ya so haƙawa a ƙuryar gidansu na Wurno, gindin tsohuwar tsamiya. Har masu haƙa sun kafa fegi, sai ga mahaifiyarsa, Inna Bara'atu, ta dogaro sanda ta tumɓuke shi da hannunta.

"Ba rijiya za a yi nan ba," ta ce. "Ɗaki nika so, na dutse. Na yayanka."

Sa'adu, ƙato mai 'ya'ya huɗu, sai da ya juya baya ya share ido. Shekara talatin da ɗaya rabon da ya ji ta ambaci zancen.

Yana ɗan shekara bakwai aka wayi gari babu yayan nasa, Mode. An ce sun yi faɗa da mahaifinsu, Malam Halilu limamin unguwa, a kan shanun da yaron ya bari suka shiga gonar mutane, shi ne ya shiga duniya. Malam mutum ne mai zafin hannu, kowa ya san haka. A shekarar ya ajiye limanci, wai gwiwa ta matsa masa, kuma har ya koma ga Allah bai sake ɗaga wa ko akuya sanda ba.

Ita kuwa Inna ko sunan ba ta kamawa. To wa zai ga laifinta? Ɗan fari ne, kunya ce.

Sa'adu ne ya ɗauki neman a ka. Ya je kasuwar Gandi ya fi a ƙirga, ya bi masunta a Goronyo, har Maraɗi ya taɓa kwana uku a tasha saboda wani ya ce ya ga mai irin tafiyar Mode. Yanzu idon Inna ya fara dushewa, shi kuma ya rantse sai ta ga ɗanta kafin ya rufe. Ashe ita ma tana jira! Abin da ya faɗa wa kansa ke nan, ya ji daɗi har cikin ransa.

Aka kira Yari, tsohon maginin da unguwa ke nema a duk aikin haƙa, na murna da na kuka. Amalanke ta yi ta jido jan dutse daga tudun hanyar Kwargaba. Sa'adu ya zo da zane a takarda, Inna ta ture shi gefe, ta zana nata a ƙasa da bakin sanda: tsawon ɗaki daga kudu zuwa arewa, taga a gabas, ƙofa a yamma. Harsashi a gefe kawai. Cikin ɗaki kada diga ta taɓa shi, ba siminti, a baza rairayi.

"Inna ta zama injiniya," in ji Sa'adu, yana dariya.

Yari bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban zanen, ya dubi tsohuwar, sannan ya cire takalminsa ya kama aiki.

Wata biyu ana sassaƙa dutse ana jerawa, kowane da mazauninsa. Gini ya yi kyau, wallahi, har mutane na leƙowa ta katanga. Sai dai leburori ba sa cin abinci a ciki. Rana na tsaka, gari kamar tanda, amma ka shiga tsakanin bangon nan sai ka ji sanyi ya kama maka ƙafa. Kullum da hantsi Inna takan zo bakin ƙofar ɗakin da ko rufi babu, ta yi sallama, ta ɗan tsaya kamar mai sauraron amsa. Sa'adu ya ce tsufa ne. Duk da haka shi ma ya lura muryarsa na raguwa in ya shiga, bai san dalili ba, kuma abin yana ba shi tsoro.

Ranar da aka buga kwanon ƙarshe, wani mai albasa ya zo da labari: akwai wani makiyayi a ƙauyen Boyekai, baƙo ne, ba ya faɗin garinsu, yana da tabo a goshi. Mode ma yana da tabo a goshi. Sa'adu ya kasa zama. Ya sayo gado da katifa, ya ce gobe da safe zai kama hanya, in ya dawo da shi kai tsaye sai masaukinsa.

Da la'asar ya kinkimo gadon shi kaɗai ya shiga da shi. Yana tsakiyar ɗaki yana neman inda zai aza, sai ya ji sallamar Inna a bayansa.

"Kada ka tai Boyekai."

"Don mi, Inna? Wanga karon jikina na ba ni shi ne."

Ta zauna a dokin ƙofa, ta ajiye sandar. Ta ce ta gaji, ta gaji da ganin yana fita da murna yana dawowa da ƙura, ba ta son ta mutu ta bar shi bisa hanya.

"Babanku bai yi nufi ba, Allah na gani. Sau guda yab buga, da ƙotar galma. Ni da shi kaɗai munka sani."

Sa'adu ya tsaya da gado a kafaɗa, ya ji maganar amma ta ƙi shiga kansa.

"Matsa gefe, Sa'adu," ta ce a hankali. "Bisa Mode kaka tsaye."