Shawarar Malam Gyara

A zauren marubuta na waya, Malam Gyara ke raba shawara, shi da littafinsa ya shekara tara a babi na biyu.

Wani sabon shiga ya koka: "Malam, makashin labarina ko kaza ba ya tsoratawa."

"Ragwanci ne, ɗana. Zaɓi mutum na gaske, ka bi shi mako guda. Abin da ba ka gwada ba, kar ka rubuta."

Rana ta takwas babin ya iso. Malam na karantawa yana jinjina kai, har ya zo kan taga mai karyayyar sakata, da mabuɗin da ake ɓoyewa cikin tsohon takalmi a bakin ƙofa.

Tagarsa ce. Takalminsa ne.

Sai ga saƙo: "Na gode, Malam. Saura babin kisan."