Mashayin Ƙarshe a Tasha

Tsohon direban motar albasa ya jefar da karan sigarin, ya murje shi da takalmi.

"Na bari, ɗana. Nasiharka ta shige ni."

Tashar Goronyo ta kaure da kabbara, domin shi ne mashayi na ƙarshe. Tun da shugabannin tasha suka hana shan taba, suka ɗora wani ɗan kamasho kan tsaron dokar, ba a ga mai himma irinsa ba. Ba ya cin tara, ba ya ƙwace kara. Da ya hango hayaƙi sai ya je ya tsaya dab da mai shi, ta inda iska ke kaɗawa, ya yi ta nasiha yana jan dogon numfashi, har karan ya ƙare. Kunya ta sa wasu suka daina, sauran kuma gajiya.

Yanzu ga ɗan kamashon yana kallon guntun da aka murje, hawaye na zuba.

"Ku dubi imani!" in ji mai shayi.

Ba wanda ya san cewa bara ya rantse wa mahaifiyarsa ba zai ƙara sa taba a bakinsa ba. Hanci dai bai shiga rantsuwar ba.

Ya riƙo hannun tsohon.

"Kawu, mi ya kawo gaggawa? Ka dai riƙa ragewa sannu-sannu. Ni ban gaji da yi maka nasiha ba."