Lafiya Lau

Tun da aka kafa dokar gaisuwa, kowace ƙofa a unguwarmu tana da na'urar da ke tambayar matar gida da safe: "Kin tashi lafiya?" In ta ce a'a, kafin hantsi hukuma ta zo ta tafi da mijin. Shekara uku ke nan ba wadda ta ce a'a. Har lambar yabo aka ba mu.

Gwaggo Tasalla, shugabar matan sulhu, ta shiga gidan Barira aron rariya, ta tarar da ita tana daka da hannun hagu.

"Kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo," in ji Barira. Fitilar ƙofa ta yi kore.

Gwaggo ta jawo kujera ta zauna. Wanda ya ƙera na'urar nan bai san mu ba. Mu da ko a gadon asibiti amsarmu lafiya lau ce.

"To, mun gama gaisuwa," ta ce. "Miƙo min hannun daman."

Barira ta dubi fitilar, ta dubi ɗakin mijinta. Sannan ta jingine taɓarya.

"Ba ya ɗaguwa, Gwaggo."