Hujin da Siminti Bai Kai Gare Shi Ba

Tunda ka ce ranar Litinin za ka fara gyara duk abin da ka tarar a wurin aikin nan, ranka ya daɗe, bari in ba ka wani misali tun Litinin ɗin ba ta zo ba.

An yi wani ma'aikaci da ya yi ritaya, ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya sayi tsohon gida a unguwar ma'aikata ta Zariya, irin waɗanda aka gina gab da samun mulkin kai: gini ƙasa-ƙasa, doguwar baranda, rufi ya zarto kamar malafa, ga daɓen nan mai tsakuwa-tsakuwa da ba ya jin shekaru. Gidan ma ya ɗan girme shi. Matarsa ta zagaya ta ce ita dai kango ta gani, amma in ya zaunu za ta zauna, in bai zaunu ba ɗakinta na nan a gidan babban ɗansu. Abin da ya rage masa bai isa kiran magina ba. Shi kuwa mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa mutane takardu da jan biro, bai ga dalilin da zai sa gida ya gagare shi ba. Ya sayi tsani da cokalin gini da buroshi, yana kallon yadda ake yi a waya. A faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Ya canza famfo, bayan ya yi wa kicin wankan da bai nema ba. Ya goge daɓen har ya soma ɗaukar ido. Ya shafa fenti, kuma mafi yawansa a bango ya sauka.

Abu ɗaya ne ya tsone masa ido. Bangon falo na gefen baranda, daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, da bulo mai huji aka yi shi. Can ɗaya gefen kuma, dab da rufi, ga wasu ƙananan hujoji a jere. Nan take ya gano bakin zaren: maginin rowar siminti ya yi, 'yan kwangila tun zamanin Turawa halinsu ɗaya. Ga ƙadangaru na shige da fice ba sallama, ga mai wucewa na iya hango ƙafar Hajiya. Ya kwaɓa siminti da kauri ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin hannunsa ya faɗa, don haka duk gidan babu aikin da ya yi kyau kamar wannan. Siminti ya ƙare saura huji guda a lungu, bayan ƙofa, ya ce gobe. Suka tare cikin sanyi, duk wanda ya zo ganin gida sai ya sa albarka.

Sai bazara ta shigo, wutar lantarki kuma ta ci gaba da halin da aka san ta da shi. Falon ya koma tanda. Baƙi su yi sallama, su zauna, kafin a kawo ruwa sun tuna da wani uzuri. Maigidan ya ce ai zafin bana ko'ina ne, har a rediyo an faɗa. Hajiya kuwa akwatinta kawai ta jawo bakin ɗaki, kullum ta ninke zane ta saka. Ran nan da azahar ya shigo ya tarar ta ja kujerarta ta maƙale a bayan ƙofa, kyanwa na kwance a ƙafarta, bakin mayafinta yana ɗan motsi. Ya tambaye ta me take yi a lungu alhali ga falo fetal. Ta ce, "Ina zaune ne a inda ba ka gyara ba, Malam."

Ya durƙusa ya kara hannu, ya ji iska mai sanyi na shigowa daga inuwar baranda. Ya hau tsani ya taɓa wajen rufi, ya ji kamar bakin murhu. A nan saman tsanin ya gane cewa na ƙasa ƙofar shigar sanyi ne, na sama ƙofar fitar zafi, shi kuma ya kulle baƙo a waje ya kulle ɓarawo a ciki. Ya sauko ya nemo guduma. Buɗewar ta fi toshewar cin lokaci, don simintin ba na rowa ba ne. Hajiya na miƙa masa ruwa tana share ɓaraguzai, zannuwa kuma suka soma komawa durowa ɗaya-ɗaya. Zancen sutura, ya kafa zana a gaban baranda, ya shuka lalle a gindinta. Ƙadangaru suka dawo bakin aikinsu, babu wanda ya ce musu uffan. Yau in baƙo ya yaba sanyin falon, sai maigidan ya gyara zama ya ce ai shi da hannunsa ya buɗe hujojin nan. Gaskiya ce kuwa. Wanda ya toshe su ne ba a cika tambaya ba, Hajiya kuma tana da kara.

To, kafin ka kwaɓa naka simintin ranar Litinin, ka ɗan tambayi abin da ya sa aka bar hujin. Mutumin nan da furfurarsa ya hau tsani, amma gidan ya riga shi zuwa duniya. Hausawa sun ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.