Layar Asibiti Ta Yi Ja

Kai Tasi'u, sauke muryarka, ni na haife ka. Eh, layar da asibiti suka maƙala min a ƙirji don gadin hayaƙi ta yi ja. Ta shaƙi hayaƙi ta kai tsegumina, yanzu za su cire ni daga bincikensu, magani ya tsaya. Na ji. Ba kurma ba ce ni.

Ni da Ta-Annabi shekara arba'in muna tuyar ƙosai a murhu ɗaya, rana ɗaya kuma aka haska ƙirjinmu a asibiti. Cutar daji a huhu, kowaccenmu ta taɓa mata wuri biyu kacal. Na'ura ta yi mana ƙuri'a: ni gashin inji da allura haɗe, ita allura kaɗai. Wai don su gwada su gani. To sun gani, yau da safe aka kai ta makwancinta.

Ni na wanke ta. Ni na turara likkafaninta, tunda 'ya'yanta duk tsoron garwashi suke, su ma an maƙala musu, kar tasu layar ta kai ƙara. So kake a kai ƙawata babu ƙamshi, kamar wadda aka tsinta a bakin titi?

Daina ce min "Inna, ranki ne". Na san raina ne. Ka gaya wa likitar ta zo ta cire abarta. Amma ta taho da wadda za ta wanke ni, don duk unguwar nan ni kaɗai na rage da na iya.