Ɗari Bisa Ɗari

Daraktan ilimi ya ɗaga takardar sakamakon jarrabawa a gaban shugabannin sakandare tara na ƙaramar hukumar.

"Makarantar da ta saba zuwa ta ƙarshe ce ta ɗaya bana! Ɗari bisa ɗari, ba wanda ya faɗi. Ku masu ɗakin gwajin kimiyya, ku ji kunya."

Aka ɗau tafi. Shugabar makarantar ta miƙe, tafin yana sukar ta har zuci.

"Malama, faɗa musu sirrin," in ji Darakta.

Hawaye suka riga ta magana.

"Ranka ya daɗe, yara arba'in na shirya. Ana gobe jarrabawa ruwa ya cinye gadarmu. Biyu kaɗai suka iya iyo, su suka rubuta. Sauran suna bakin kogi da biro a hannu."