Allurar Boyi Aisami

Suna ɗaya ya rage da jan layi a ordinatar Yakura mai allurar rigakafi, wato kwamfutarta: Boyi Aisami, shekara uku, ba a yi masa allurar ƙyanda ba. Majo, shugaban asibitinsu a Gure, ya ce in wata ya ƙare da jan nan, ita za ta yi wa manya bayani.

Bayanan sun kwana biyu. Wani ayarin ma'aikata ne ya tara su, lokacin da ake bin makiyaya rijiya rijiya ana rubuta duk wanda allura ta taɓa. Da aka sabunta tsarin ordinatar, injiniyan da ya zo daga Yamai ya goge gurbin da aka sa wa suna "iri". Ya ce rubuta ƙabilar mutum bai dace da zamani ba. Nauyin Boyi ma sai da ya gyara, domin sabon tsarin ya ƙi karɓar kilo ɗari biyu. Wani ne ya manta waƙafi, in ji shi, ya mai da shi ashirin.

Yakura ta ɗaura akwatin sanyi a bayan moto, wato babur, ta sha rairayi har Alakos. A bakin rijiya ta sami Aisami, dattijo mai farin gemu.

"Baba, ina Boyi?"

"Yana bayan tudun can. Na ɗaure shi, yawo gare shi."

"Uwarsa fa?"

"Ta mutu shekarar fari, yana shan nono. Ni na raine shi da hannuna."

Ta ce allura ta kawo masa. Dattijo ya ce ai mutanenta sun yi masa tuni. Ta sha jin wannan daga bakin iyaye. Ta gaya masa ordinata ba ta ƙarya, kuma in ta ga tabon igiya a ƙafar marayan nan, da jandarma za ta dawo.

Aisami ya nuna mata tudun.

"To, 'yata, ki je. Amma ki yi hankali, yana cizo."

Ta zuƙi magani a sirinji, ta hau tudun tana shirya kalaman lallashi. A inuwar aduwa, Boyi Aisami ya miƙa dogon wuyansa, ya dube ta daga sama kamar yadda kowane raƙumi ke duban baƙo, ya ci gaba da tuƙa.